Taga ta Bakwai a Rufin Layin Masu Zare

Zuwa ga:
Shugaban Sashen Gine-gine,
Hukumar Kula da Kasuwa.

Daga:
Malama Mai Zare,
Rumfa ta 16, Tsohuwar Kasuwa Mai Rufi.

9 ga Afrilu.

Game da: Toshe tagogin rufin layinmu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni tsohuwar malamar lissafi ce, shekarata saba'in da huɗu, na gaji rumfar mahaifiyata. Ga kokena:

1. Ranar 2 ga Maris ma'aikatanka suka toshe shida daga cikin tagogi bakwai na rufin layinmu da siminti, suka rataya mana ƙwan lantarki. Ta bakwai, wadda ke saman rumfata, an ce ranar 16 ga wannan wata za a rufe ta.

2. Rahoton injiniyanka ya kira su ramukan da tsohuwar gobara ta bari. Na san haka kowa ke faɗa, har a allon bakin ƙofar kasuwa an rubuta. To, ranar 5 ga Afrilu na hau rufin da ƙafata, matakala arba'in da ɗaya, da tef ɗin tela a hannuna. Bakunan tagogin suna nan har yanzu. Kowace faɗinta inci goma sha takwas cif, an zagaye ta da jan bulo, duk sun karkata gefe guda yadda ruwan sama ba ya shiga, rana ba ta dukan kaya. Shekara talatin ina koyar da awo, ban taɓa jin gobarar da ta iya shi ba.

3. Maginan farko da hankalinsu suka zaunar da masu zare a nan, domin launi sai da hasken rana. A ƙarƙashin ƙwai kuwa, baƙi da shuɗi mai duhu duk ɗaya. Maƙwabciyata ta sayar wa mai ɗinkin hula zare, ya fita waje ya ga wani launi dabam, ya dawo ya kira ta macuciya a gaban jama'a. Baiwar Allah ba ta buɗe rumfa ba kwana uku. Yanzu duk layin gabana ake zuwa duba launi.

Don haka ina roƙon a dakatar da aikin ranar 16, a buɗe shidan. Ina kuma gayyatarka da kanka. Zan miƙa maka zare biyu a ƙarƙashin ƙwan nan. In ka bambance su, na janye takardata.

In ba haka ba, ma'aikatanka za su tarar da ni zaune a bakin taga ta bakwai da laimata. Hawa na iya. Saukowa ce gwiwata ba ta so.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira.

Taka cikin ladabi,
Malama Mai Zare