Haƙorin Mama da Shaidar Ranar Lahadi

Rikoto, Zuru

Ƙanena Japhet,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kana lafiya, kai da Joyce da yara, Allah ya ci gaba da tsare ka a bakin aiki can Fatakwal. Mu nan lafiya lau, dawa ta yi kyau bana, maƙwabcinmu Baba Sila ma ya fara fita gona.

Maganar haƙorin Mama ce ta sa na ɗauki biro, don a waya ba zan iya faɗa ba. Ranar da aka cire shi, likita ya ce ta danne wurin da auduga, kada ta kurkure baki sai washegari, kada ta sha abu mai zafi. Na bar shagon ɗinkina a rufe na tsare ta. Da yamma ka kira, ka ce ta kurkure da ruwan gishiri da ƙarfi, wai haka kuke yi a bariki. Na roƙe ta ta bari sai gobe, ta ce ni tela ce, kai kuwa ka ga duniya. Gudan jinin da ya toshe ramin ya fita. Kwana uku tana riƙe da kunci, ciwon har kunne, sai da na goya ta a babur muka koma asibiti. Mako guda ina fifita mata kunu da faifai, ina dama fate mai ruwa-ruwa, ina ba ta da cokali ta gefen da ba ciwo.

Lahadin da ta wuce ta miƙe a coci ta ba da shaida. Ta ce Allah ya ba ta ɗa soja wanda ya warkar da ita ta waya. Zumuntar mata suka ɗauki waƙa. Ina zaune kusa da ita, riƙe da jakarta, ina jira ta juyo. Ba ta juyo ba.

Ba zan ɓoye maka ba, Japhet, kishinka nake yi, kuma ina jin kunyar hakan da girmana. A wurinta, kiranka na minti biyar ya fi mako gudan da na yi ina jinyarta. Ban gaya wa kowa shawararka ce ta dawo da ciwon ba, ba kuma zan gaya ba. Abu ɗaya nake roƙo. In ka kira ta, ka ce mata Leah ta yi ƙoƙari. In daga bakinka ta ji, za ta yarda.

Ka gaida Joyce, da Divine da ƙaramin Abel. Mama ta ce in gaishe ka sau biyu.

Yayarka,
Leah