Ƙyallen da Ya Rufe Fitilar Gwamna

Zuwa ga Babban Manaja,
Kamfanin da ke sayar da motocin shiga daji,
Kaduna.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da dukan ma'aikatanka. Yaya aiki, yaya damina? Mu a nan ruwa ya sauka sosai, citta ta yi kore shar, mun gode wa Ubangiji.

Sunana Yohanna Bobai. Na yi shekara ashirin da biyu ina gyaran kan jirgin ƙasa a Kafanchan, da na ajiye aiki na koma ƙauyenmu da ke bayan Godogodo na kama noman citta da sayar da ita. Na aika da wannan takarda gidan jarida ne domin wadda na bari a ofishinku ban san inda ta kwana ba. Kada ka ɗauka maƙiyin motarku ne ya rubuto. A duk ƙasar Jama'a ba na jin akwai mai son motarku kamar ni, har matata Saratu takan ce da mota tana cin tuwo, da ita za a fara zuba wa a gidanmu. Damuwata ɗaya ce. 'Yata Ladi tana da ciki wata bakwai, motar da na saya domin kai ta asibiti kuwa tana kan duwatsu a Kafanchan wata uku ke nan, saboda ƙarfe guda ɗaya da ya karye.

Na farko, bari ka san daɗewata da ku. Motarku ta farko da na mallaka ita ce koriyar nan mai rufin tanti, na saye ta a hannun wani Bature ɗan mishan da zai koma gida. Shi ya ba ni tarihinta muna zaune a gindin mangwaro. Ya ce bayan babban yaƙin duniya ƙarfe ya yi wuya a ƙasarsu, sai maƙeranku suka ɗauki irin farin gwangwanin da ake yin jikin jirgin sama da shi suka yi mata jiki, suka shafa mata ragowar koren fentin soja, domin manomi ya shiga gona da ita da safe, da yamma ya kai kaya kasuwa. Na gaskata shi, domin shekara goma sha huɗu tana shan ruwanmu jikinta bai san tsatsa ba. Mutanen ƙauye suka sa mata suna Kunkuru, saboda launinta da kuma rashin saurinta.

Babu abin da Kunkuru ba ta ɗauka ba. Ta ɗauki citta, ta ɗauki aladu zuwa kasuwa, ta ɗauki kwanon rufin majami'armu, ta kai marasa lafiya, ta dawo da gawa gida. Ta yi shekara biyu cur ba batir, a kan gangare nake ajiye ta, da safe in cire dutse daga tayar gaba, kafin mu kai gindin ɗorawa ta kama. In ta lalace, waya da tsohuwar robar taya sun isa su kai ni gida, kayanta kuwa ko a ƙarƙashin teburin mai sayar da ƙwan fitila a kasuwar Kafanchan sai ka samu. Sai dai ba ta da tausayin ƙugu. Wanda ta kai Gwantu ta dawo da shi, kwana biyu yake yi yana tafiya a karkace.

Tsakanin ƙauyenmu da babbar hanya akwai rafi, ba gada. Damina biyu da suka wuce naƙuda ta zo wa Ladi tun cikin yana wata takwas, da hantsi, bayan an kwana ana ruwa. Na sa ta a Kunkuru muka shiga rafin, muna kai tsakiya ruwa ya shiga inji ta mutu. Maza suka ciro ƙyauren ɗaki suka haye da Ladi a kai, muka zauna bakin hanya muna jiran babbar mota har rana ta karkata. Ladi ta rayu, yaron bai rayu ba. Likita ya ce in Allah ya sake ba ta, lalle a asibiti za ta haihu, kuma kada a makara. Ban ga laifin Kunkuru ba, tsufa ne ya kama ta kamar yadda ya kama ni. Amma tun a bakin hanyar nan na ƙudurta cewa rafin nan ba zai sake tsayar da 'yata ba.

Na biyu, sabuwar motar. Ranka ya daɗe, ko yanzu da nake rubutu ina fushi da ku, da na tuna ta sai daɗi ya kama ni. Na fara ganin irinta ne a tashar jirgi, ta kawo wani babban ma'aikaci, na zagaye ta sau uku har direban ya tambaye ni ko na yar da wani abu ne. Citta ta yi kyau shekara biyu a jere, na hau jirgi na zo shagonku. Saurayin da ya sayar mini ya ce ƙanwar Kunkuru ce, gida ɗaya suka fito, amma an yi wannan ne domin babban mutum ya tashi daga ofis ya shiga daji ba tare da ya canja riga ba. Bai yi ƙarya ba. Injinta fulogi takwas, amma in tana tsaye sai ka kasa kunne kafin ka san tana aiki. Kujerarta ta fi ta ɗakin jiran manajan jirgi laushi. Ranar da na kawo ta, Saratu ta ɗora kwanon ƙwai a cinyarta tun daga Kafanchan har ƙofar gida don ta gwada ta, ko ɗaya bai fashe ba. A mararraba 'yan sanda biyu suka ƙame suka sara mini, ni Yohanna mai citta. Daga ranar sunanta ya zama Gwamna.

Ranar Lahadi Fasto ya ɗora mata hannu ya yi addu'a, matan Zumuntar majami'armu suka kewaye ta da kiɗan tulu da rawa har ƙura ta tashi. A nan ne maganar ƙyalle ta shigo. A wajenmu duk wani abu mai daraja da ya shigo gida sai mata sun saƙa masa ƙyallensa. Rediyo yana da nasa, keken ɗinki yana da nasa, teburin majami'a yana da nasa. Saratu da ƙawayenta suka yi mako uku suna saƙa wa Gwamna farin ƙyalle mai jan fure, suka shimfiɗa shi a gaban motar daga wannan ƙofa zuwa waccan, gezarsa tana lilo. Agogon gudu yana bayan sitiyari ina ganinsa, don haka ban damu da abin da gezar ta rufe ba. Gaskiya ma ni ne na fi kowa yabon saƙar.

Na uku, yadda ta karye. Kusa da sandar giyar motar akwai wani ɗan maɓalli da ake ja. Abin da saurayinku ya faɗa mini a kansa bai wuce cewa in na ga laka ko ruwa in ja shi ba. Duk rani ban taɓa shi ba. Bayan Ista, ruwan farko ya sauka, na ɗauki Saratu da mata huɗu zan kai su taron Zumunta a Jos. Muka iso rafin yana cike, daidai wurin da Kunkuru ta mutu. Na ja maɓallin, na yi addu'a a zuciya, na shiga. Ranka ya daɗe, Gwamna ta ratsa ruwan nan kamar tana tafiya a tsakar gida. Ba ta yi tari ba, ba ta zame ba, ko tafin ƙafarmu bai jiƙe ba. Matan suka ɓarke da waƙa, Saratu tana waƙa tana hawaye, domin a makon ne Ladi ta gaya mata tana da ciki. Ni ma na bi su da waƙar, murna ta sa na manta da maɓalli kwata-kwata.

Da muka hau kwalta sitiyari ya yi nauyi, tayoyi suna kuka a kowace kwana. Na ce a raina ƙarfi ne ya yi mata yawa. Muna cikin hawan dutse sai muka ji ƙara a ƙarƙashinmu kamar an harba bindiga, motar ta tsaya cak. Wata babbar motar citta ce ta jawo mu zuwa Kafanchan, mata biyar cikin anko suna zaune a cikin Gwamna.

Na kai ta garejin Malam Garba, abokina tun muna aikin jirgi, wanda kakanninsa ma a kasuwar Kafanchan suka yi ciniki. Ya shiga ƙarƙashi ya fito da shaf ɗin baya, sandar ƙarfen da ke juya taya, ya murɗe ya rabu biyu kamar an murɗe rake. Ya murza makulli, ya ɗaga gezar ƙyallen don ya duba mai, sai ga wata 'yar fitila ruwan ɗorawa tana ci. Ya ce tun daga rafi fitilar nan take ci tana gaya mini in mai da maɓalli, domin in an ja shi tayoyin gaba da na baya a ɗaure suke, a kan kwalta kuma dole wani ƙarfe ya gaji ya karye. Saratu tana tsaye a wurin. Ta kwana biyu ba ta ci abinci ba, tana cewa da hannunta ta karya motar da za ta kai 'yarta asibiti.

Na gaya mata ba laifinta ba ne, kuma ina maimaitawa a gaban duk mai karanta jaridar nan. Mantuwa tawa ce, na ɗauka. Amma ku ma ku ɗauki naku. Babu wanda ya ce mini a mai da maɓallin bayan an fita daga ruwa, babu wanda ya nuna mini fitilar. Littafin motar ba a ba ni shi ranar saye ba, an ce za a aiko. Sai da ta karye na zo, wani akawu ya jawo aljihun tebur ya miƙo mini shi a cikin ledarsa. Ina karanta Turanci, aikin jirgi ya koya mini. Na buɗe a cikin jirgi ina dawowa, ga maganar nan a rubuce layi biyu, kusa da hoton motar tana tsaye a cikin ƙanƙara. Na rufe littafin na yi ta kallon taga har Kafanchan.

Na huɗu, zuwana ofishinku sau uku. Zuwan farko aka ce shaf yana cikin jirgin ruwa a Ikko, jirage sun yi layi. Zuwa na biyu aka naɗe mini ɗaya a takarda, na rungume shi a jirgi kamar jariri, Malam Garba ya warware ya ga na Kunkuru ne, bai kai tsawo ba. Zuwa na uku aka ce kaya sun iso, amma mai makullin sito ya tafi hutu da makullin. Malam Garba ya gwada yi wa karyayyen walda, ya yi aiki mai kyau, amma ko ƙofar gareji bai kai mu ba ya sake rabuwa. Ya ce ƙarfen ba irin wanda wuta ke haɗawa ba ne. Kowace Alhamis nakan je in tayar da injin don kada batir ya mutu, in zauna a ciki in saurare shi. Lafiyarsa lau, ko atishawa ba ya yi.

Ga roƙona. A buɗe sito a ɗauko shaf ɗin baya na sabuwar mota, a auna shi kafin a naɗe, a sa shi a jirgin Kafanchan cikin makon nan. Ba sai an rubuta adireshi mai tsawo ba, duk gadin jirgin da ke bin layin nan ya san Yohanna Bobai, kuma zan tsaya a tasha da kaina. Mun shirya kai Ladi gidan gwaggonta a Kafanchan ta jira haihuwa a can, amma ko wannan sai an haye rafin, kuma wancan karon tun wata takwas abin ya zo.

Sannan a manna 'yar takarda da Hausa kusa da maɓallin nan, a ce a mai da shi in an hau tudu. Ku gaya wa samarin shagonku su riƙa nuna fitilar da yatsa. In kuna rubuta wa maƙeranku, ku gaya musu su ɗaga fitilar sama ko su sa mata ƙararrawa, domin matanmu ba za su daina saƙa ba, kuma motarku ta cancanci ƙyalle. Ku ajiye 'yan kayan gyara a Kafanchan yadda na Kunkuru suke ko'ina. In ka samu sarari kuma, ka zo da kanka in shiga da kai rafin nan a watan Agusta, ka ga abin da kuke sayarwa. Na tabbata kai ma sai ka yi waƙa.

Kafin nan na kori kajin da ke ƙwai a cikin Kunkuru, na wanke mata fulogi, na mai da ita kan gangarenta tana fuskantar rafi. Surukina yana zolayata wai duk motar da ta kai Ladi da sunanta za a riƙa kiran yaron, ni kuwa ba na so jikana ya tashi ana ce masa Kunkuru. Ina dariya in ya faɗa, amma in na dubi rafin da yamma dariyar takan ɗauke, domin na san inda Kunkuru take mutuwa.

Ubangiji ya ƙara maka lafiya da girma, ya albarkaci aikinka, ya kiyaye 'ya'yanka mata a ranar haihuwarsu. Saratu ta cire ƙyallen daga gaban motar, ta wanke shi ta goge, ta ninke ta sa a jakar da Ladi za ta tafi da ita asibiti. Ta ce da shi za ta naɗo jaririn. Saura motar da za ta kai su.

Wassalam.

Naka mai son motarku har yanzu,
Yohanna Bobai,
manomin citta, bayan Godogodo.