Ranar Da Cikina Ya Yi Shiru

Komah, Sokode, daren Talata

Alhamdulillahi, sai yanzu hankalina ya kwanta. Da safe na yi gudun da na saba saboda ciwon sugana, har numfashi ya gagare ni. Daga nan cikina na wata shida ya yi shiru, babu motsi har azahar. Nan da nan na tafi asibiti.

Ungozoma ta ɗora na'ura, sai ga bugun zuciya, tif-tif-tif. Ta ce, "Lafiya lau yake, ƙanwata. Amma bar gudu haka. Ki riƙa tafiya da sauri, wadda ba za ta hana ki hira ba."

Inna ta kira daga Dapaong, ta ce muryata ta canza. Na ce mura ce. Gobe zan faɗa mata gaskiya, in na iya ba kuka.