Gawar Ciyawa a Karwar

Zuwa ga ƙawata Kalindi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Mama?

Wai yau ke ce kike tambayata abin da za ku gani a Karwar, sai ka ce ba a nan aka yanke miki cibiya ba! Zaman birnin Pune ya mayar da ke baƙuwa. To, ki kawo dangin mijin naki idan ruwa ya ɗauke. Duwatsu suna nan a bayanmu kore shar, kogin Kali yana nan yana zuba a teku. Ki hau da su haikalin kan dutse su yi haki, su ɗauki hoto, su ce aljanna ce. Duk baƙi haka suke cewa, tunda ba su taɓa yin damina a nan ba.

Maganar mijina Gajanan ya kai ku tsibirin Kurumgad a jirginsa kuwa, ki ajiye ta tukuna. Ba ya gida.

Ki gaida kowa.

Taki,
Mogri

Zuwa ga Kalindi,

Ina gaishe ki da kewa, da fatan yara sun warke daga murar.

Kin ce kin ji magana a bakin ’yan gari. Gaskiya ne. Dab da faɗuwar damina Gajanan ya kai wasu baƙi tsibiri. Sun yi wa jirgin yawa, sawu biyu ya yi da su. A dawowa ya kawo rabinsu, ya koma kwaso sauran. Iska ta taso yana hanya. Sauran baƙin wani jirgi ya kwaso su washegari, har suna mitar sauro. Jirginsa an same shi kife a jikin duwatsu. Shi ba a gan shi ba.

Yanzu ranar kwakwa ta matso, ranar da ake buɗe kamun kifi bayan damina. Kin dai san gidan da ke da mamacin da ba a sallama ba, ba ya jefa wa teku kwakwa, jirginsa kuma ba ya fita kamun kifi. Yayansa Madukar yana so a saƙa mutum da ciyawa, a sa masa sunan Gajanan, a ƙona shi a madadin gawa. Malamin haikali ya ce sai matar ta yarda.

Na ce ban yarda ba. Tsibiran nan da yawa, wasu ma ba a barin kowa ya sauka. Wa ya leƙa su duka?

Yaya Madukar ya ce, “Mogri, me zai ci a can tun farkon damina? Duwatsu? Mu da muke da rai fa, mu ci me?”

Surukata ba ta yi mini faɗa ba, kuma da faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Awarwarona kore na aure kawai ta riƙe, ta ce, “’Yata, ni na haife shi. Bar shi ya huta.”

Abin da ke ci mini rai, Kalindi, wanda aka ƙona wa ciyawa ko ya dawo da ƙafarsa, ba mai miƙa masa ruwa sai an sake masa bikin haihuwa kamar jariri. Teku ba ta ce ya mutu ba. Ni ake so in faɗa.

Ki yi mini addu’a.

Taki,
Mogri

Kalindi ’yar’uwata,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kuna lafiya. Ni dai ga ni nan.

Na yarda. Ba wanda ya tilasta ni. Jiragen unguwa na gani ana shafa musu fenti, na gidanmu na kamun kifi yana kife a gaɓa, ’ya’yan Yaya Madukar suna cin gayan shinkafa.

Malamin ya zo da damin ciyawa, ya ce, “Nuna mini tsawonsa.” Na tsaya na ɗaga hannu sama da kaina. Ya ce faɗin kafaɗa fa? Na buɗe hannuwana yadda nake buɗewa in zan rungume shi, ya auna da igiya. Kwakwa suka sa a wurin kai. Matan unguwa suka fasa mini awarwaro, suka cire baƙar tsakiyar aure daga wuyana. Daga bakin ƙofa na hango hayaƙin, bai ma daɗe ba.

Ku zo abinku, Yaya Madukar zai kai ku tsibiri. Ni kada ki sa ni a lissafi, kin san ba a son ganin matar mamaci irina a bakin jirgi.

An jefa kwakwa, jirginmu ya fita, ya dawo shaƙe da kifi. Mutane suna ta cewa teku ta karɓa. Surukata ta dafa, ta ajiye a gabana, ba ta dube ni ba. Na daɗe ina kallon kwanon, ina tunanin ruwan da aka kamo su, da abin da suka ci suka yi wannan ƙiba.

Yunwa nake ji, Kalindi. Na ci.

Taki har kullum,
Mogri