Jar Fitilar da Ta Kama a Tirelarka

Assalamu alaikum Yaya Nasiru,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Mu nan Daura lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Jiya da hantsi tirelarka ta tsaya a hanyar Babban Mutum, cike da shanu. Jar fitilar man inji ce ta kama, aka kira ni in duba. Ko da na isa, direbanka Malam Haruna har ya ɗauko sifana zai cire kan batir.

"Injiniya, haka muke yi, sai fitilar ta mutu," in ji shi.

Na ce ya dakata. Cire batir fitilar kawai zai kashe. In da gaske mai ba ya zagayawa, injin zai ƙone kafin Kano. Shanu suna haki a rana, wani bafatake ya ce, "Karatun nan naka zai kashe mana dabbobi!"

Na jona kwamfutar gwaji da injin, na kuma auna ƙarfin man da geji har sau biyu. Daidai yake. Ashe shekaranjiya an wanke injin da tiyo, ruwa ya shiga soket ɗin sensar da ke kunna fitilar. Na busar da shi, na kashe fitilar ta kwamfuta, na sallame su.

Yaya, da bakina na ce su tafi. Ɗazu Malam Haruna ya kira, sun wuce Lokoja, fitilar ba ta dawo ba, amma na kasa cin abinci. Ka taya ni da addu'a har a sauke shanun nan lafiya.

Ka gaishe da Anti Binta da yara.

Ƙaninka,
Bashir