Marigayin da Ya Fi Kowa Aiki a Ofishinmu

Assalamu alaikum, Malam Ilu. Don Allah ka taimake ni da shawara, amma ka sakaya sunana, domin a Sheshe ko tari mutum ya yi an san na wane ne.

Ina aiki a wani ƙaramin kamfani kusa da Ƙofar Kabuga, muna ba shagunan kafe da ofisoshi intanet. Mu uku ne a teburin karɓar koke: ni, da Malama Lauratu, da Mustapha. Idan layin wani ya yanke ya bugo waya, sai mu shigar da kokensa a kwamfuta, in an gyara mu rufe. Kowa da sunansa da kalmar sirrinsa yake shiga. Manhajar da muke aikin da ita daga waje aka sayo ta, kuma kowane suna da kuɗin lasisinsa duk shekara, da dala.

Mustapha ya rasu wata bakwai ke nan. Zazzaɓi ne na kwana huɗu. Gidansu yana kallon namu, kakanninsa daga Barno suka zo tun ba a haifi mahaifina ba. Tare muka yi wasan ƙasa, shi ya samo mini aikin nan, a bayan babur ɗinsa nake zuwa ofis. Har yau in na fito da safe sai na kalli zaurensu.

Shi ba ya rubuta koke irin namu. Mu lambar layi da matsala kawai muke sawa. Shi sai ya ƙara cewa Hajiya Uwani mai shagon buga takardu ba ta ji sosai da kunnen hagu, kada a ɗaga mata murya, maimaitawa ake yi. Ko ya rubuta cewa Alhaji Musa zai yi faɗa, a bar shi ya gama, ba da mu yake ba, da masu ɗauke wuta yake. Shekara huɗu yana irin wannan rubutu.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar da matarsa ta haihu ya ba ni kalmar sirrinsa don in riƙe masa aiki. Bayan sadakar uku na koma ofis, na shiga da sunansa don kawai in karanta rubutunsa. Waya ta shigo, na karɓi koken, aka gyara, na rufe, ban tuna da sunan wa nake ciki ba. Da na ga sunan Mustapha a ƙasan aikin, ga kwanan watan ranar, sai na ji wani sanyi a raina. Tun daga ranar nan, galibi da sunansa nake aiki. Malama Lauratu ta gani, ta kau da kai.

Alhajin da ya mallaki kamfanin, tun da aka koma mulkin farar hula siyasa ta ɗauke shi, Abuja ya fi zama. Yanzu yana so ya riƙa buɗe intanet daga can ya ga rahoto: koke nawa suka shigo, wa ya rufe nawa. Ya ce in nemo manhajar rahoto mai sauƙin kuɗi. Na nemo. Ta kamfanin da ya sayar mana da ta farko tana da tsada, sai in mun rage suna ɗaya, kuma Alhaji ya ɗauka an cire na Mustapha tuntuni. Akwai wata mai araha daga Legas, amma sai mun kwashe bayananmu zuwa cikinta, kuma lambobi kawai take ɗauka, rubutunsa ba zai bi mu ba. Akwai kuma faifan manhajar sata na naira ɗari uku a kasuwa.

Ko wacce na zaɓa, abu ɗaya za ta nuna: a wata bakwai Mustapha ya rufe koke ɗari huɗu da sha biyu, ni na rufe sha tara. Wata biyu ke nan ina ce wa Alhaji ban samu mai araha ba. Yanzu ya ba ni zuwa ƙarshen wata, lokacin da lasisinmu zai ƙare. Ina tsoron a kore ni, ina da 'ya'ya huɗu. Amma wallahi na fi tsoron ranar da zan goge sunan nan da hannuna. Yaya zan yi?

Maƙwabcin Marigayi, Sheshe

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Mustapha.

Na daɗe ina karanta labarin ma'aikatan bogi, waɗanda ake biya ba sa zuwa aiki. Yau ne na fara jin wanda yake zuwa aiki kullum ba a biyansa. Ka yi haƙuri da murmushina, ya tsaya ne a kan kunnen Hajiya Uwani. Wannan layin sau biyu na karanta shi, na ajiye tabarau.

Ban ga ɓarawo a wasiƙarka ba. Aikin an yi shi, kai ka yi shi, lasisin kuma an riga an biya tun mai shi yana raye. Amma shi ma Alhaji bai nemi abin da ya wuce haƙƙinsa ba. Kamfaninsa ne, kuma wata biyu kana gaya masa abin da ba haka yake ba. Sannan ka tuna kuskure. Cikin ɗari huɗun nan ba za a rasa wanda ka yi wa gajen haƙuri ba, ko layin da ka rufe bai gyaru ba. Duk sunan wa suka hau? Na mutumin da ba zai iya kare kansa ba.

Don haka kafin manhaja, Alhaji. Kada ka bari kwamfuta ta riga ka magana, domin ita ba ta san ta'aziyya ba, lamba kawai take fitarwa. Ka kira shi cikin makon nan, ka faɗa masa kamar yadda ka faɗa mini, Malama Lauratu ta shaida. Ban yi maka alkawarin ba zai yi faɗa ba. In ya fara, ka yi amfani da shawarar abokinka a kan Alhaji Musa: ka bar shi ya gama.

Sai batun saye. Faifan kasuwa ka bar shi a kasuwa. Ranar da ya lalata muku bayanai ba ka da wanda za ka kira, kuma kai ka fi kowa sanin darajar wanda ake kira. Ta Legas ma ka bar ta. Arahar da za ta sa ku zubar da ilimin shekara huɗu a kan masu hulɗa da ku ba araha ba ce, wannan kuma hujja ce ta kasuwanci da Alhaji zai gane.

Ka nemi manhajar da za ta karanta bayananku a inda suke, ba sai an kwashe su ba. Ka tambayi kowane mai sayarwa, a rubuce: lasisin na kowane suna ne, ko na adadin masu shiga a lokaci ɗaya? Alhaji kallo kawai zai yi, shin mai kallo kuɗinsa ɗaya da mai aiki? Nawa ne sabuntawa baɗi, ba na bana kaɗai ba? Ka nemi gwajin wata ɗaya kyauta, ka gwada ta da rana tsaka lokacin da layi ya fi nauyi, ba a ofishinsu mai sanyi ba.

Ka kuma tambayi kamfanin da ya sayar muku da ta farko abin da nake zaton ba ka tambaya ba, don kana tsoron amsar. A irin waɗannan manhajoji sau da yawa ana iya dakatar da suna ba tare da an goge shi ba. Ba zai ƙara shiga ba, ba za a ƙara biya masa lasisi ba, amma duk abin da ya rubuta yana nan da sunansa. In haka ne, kun rage sunan da suke nema, kuɗin manhajar rahotonsu ya sauko, kuma ba ka goge kowa ba. Kafin a taɓa komai, ka kwafe bayanan a faifai biyu, ka buga rubutunsa a takarda, ka kai a ɗinke, ya zauna a kan teburinku don wanda za a ɗauka nan gaba.

Ɗan'uwa, Mustapha ya yi shekara huɗu yana amsa waya. Ka sallame shi ya huta. Abin da yake buƙata a wurinka yanzu addu'a ce, da leƙa jaririn nan da aka haifa ranar da ya ba ka kalmar sirrinsa. Gobe da safe ka shiga da sunanka. In Hajiya Uwani ta bugo, kada ka ɗaga murya, ka maimaita.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya tausasa ta Alhaji, ya raya abin da marigayi ya bari.

Malam Ilu