A Gidan Wa Za Ta Sauka?

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Asabe,

Assalamu alaikum, Umma. Ina gaishe ki da ladabin da kika koya mini, tare da fatan kina cikin rahamar Allah a makwancinki. Shekara biyu ke nan da rasuwarki, kuma sai yau na iya zama in rubuta miki. Ba kewa kaɗai ta sa ni ɗaukar biro ba. Rahoton gidauniyarki zan ba ki, kuma a ciki akwai laifin da na yi wanda ya kamata ki ji daga bakina.

Gidauniyar tana nan da ranta. Har yanzu a ƙaramin falon nan na gefen gareji muke zama, a gidanki na Nasarawa, mu ukun da kika bari: ni da Yaya Kabiru da ƙawarki Anti Laraba, wadda kuka koyar tare a makarantar 'yan mata tun tana sabuwar zuwa daga Zariya. Hayar shagunan nan biyu da kika ware ita ke ɗaukar komai kamar da. Duk shekara muna zaɓar ɗalibai uku ko huɗu daga sashen zane-zane na jami'a, mu biya musu kuɗin mota da na abinci, su je wani gari su ga masu sana'a suna aiki da hannunsu. Ban manta abin da kike cewa ba: "Yaron da bai taɓa fita Kano ba, ƙofar gari zai yi ta zanawa har ya yi furfura."

Kin san ni da son tsari, aikin lauya ya ƙara ɓata ni. Ina karɓar ragamar na yi wa gidauniyar gyaran fuska. Na yi fom da ake cikewa ta waya, na tsara yadda ake ba da maki, wanda ya ci kuma a tura masa tallafinsa ta banki. Babu zuwa, babu dawowa. Har yabon kaina na yi a gaban Yaya Kabiru, na ce abin da Umma ke yi a mako guda ga shi na gama a yini biyu.

Abin da nake nufi shi ne yawon nan naki. Da an gama zaɓen ɗalibai sai ki shiga tsohuwar motarki mai tari, ki ɓace mana mako guda, yau Tudun Wada, gobe Kaura Goje, ki dawo da yamma ƙafa butu-butu kina neman ruwan zafi. Mu yara muka sa masa suna yawon Umma. A tunanina halin tsofaffin malaman makaranta ne da ba su iya zaman gida ba. Ko sau ɗaya ban taɓa tambayarki me kike zuwa yi ba.

Bara mun zaɓi huɗu. Mazan biyu suka tafi suka dawo. Matan biyu suka maido tallafin da wasiƙar godiya, kowacce ta ce uzuri ya taso. Na rubuta a rahoton shekara cewa 'yan matan yanzu ba su da himma. Anti Laraba ta karanta, ta dube ni ta saman tabarau, ta ajiye takardar.

Bana sai ga Rukayya. Tana shekarar ƙarshe, zanen yadi take karanta, kuma fom ɗinta ya fi na kowa. So take ta je Abeokuta wurin matan da ke zana ado a kan farin yadi da kullun rogo da gashin kaza kafin su tsoma shi a shuni. A kan wannan za ta yi aikinta na kammala digiri, hutun da ya rage mata kuma mako uku ne. In ya wuce, shi ke nan. Kwana huɗu da tura mata tallafin ta zo gida da kanta, ta durƙusa a bakin ƙofar falo ta ce babanta bai yarda ba.

Raina ya ɓaci. Na ce zan rubuta masa takarda da tambarin gidauniya. A nan Anti Laraba ta kasa haƙuri. Ta ce, "Takarda? Hadiza, uwarki ba ta taɓa aika takarda gidan kowa ba, ƙafarta take kaiwa. Ke da kika ɗauka yawon me take yi?"

Washegari na tafi Kaura Goje. Motata ta ƙi shiga lungun, na ajiye ta a bakin titi na taka. Malam Isa, baban Rukayya, tela ne, shagonsa a zauren gidansa yake. Ya ajiye almakashi, ya share mini benci, ya sa aka kawo ruwa. Ni kuwa na zo da jawabina a shirye kamar mai shiga kotu. Na yi masa bayanin ilimin 'ya mace, na yi masa na zamani, ya bar ni har na kai aya.

Sannan ya ce, "Hajiya, da wannan keken na kai ta jami'a, ba sai an yi mini wa'azin boko ba. Tambayata ɗaya ce. A gidan wa za ta sauka?"

Na ce akwai otal mai kyau, na duba shi a waya, har da hotuna.

Ya ce, "Otal ɗin gidan wa ne? In zazzaɓi ya kama ta, wa zai taɓa goshinta? In na kira ban same ta ba, wa zan kira?"

Umma, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Mutumin yana da gaskiya, ni ma da 'yata ce abin da zan tambaya ke nan. Na sha ruwana na yi sallama.

Da na gaya wa Anti Laraba, abin da ta ce kawai shi ne, "Ina koren littafin?" Yana cikin akwatinki, wanda ban buɗe ba tun ranar sadakar arba'in. Na sha ganinsa a hannunki, na ɗauka na lambobin ƙawaye ne. Ashe garuruwa ne a ciki, kowane da shafinsa: Bida, Jos, Damagaram, Osogbo, Agadas. A ƙarƙashin kowane gari sunan mace ɗaya da lambarta, sai ɗan bayani da siririn rubutunki. "Ba ta son a dawo bayan magariba." "Tana da kare, a gaya wa yarinya tun daga gida." A shafin Abeokuta kin rubuta Iya Sikira, ta daɗe a Sabon Gari tana sayar da atamfa, tana jin Hausa, ɗakin baya na baƙinmu ne.

Sai a ranar na gane yawon Umma. Gida-gida kike bi, ki zauna a tabarmar iyaye, ki buɗe musu littafin ki ce ga wadda za ta riƙe muku 'ya.

Da safe na koma shagon Malam Isa da littafin a jaka. Ya kamata in fara kiran matar daga gida, amma na so ya ji komai da kunnensa, sai na kira a gabansa na buɗe muryar wayar. Wata tsohuwa ta ɗauka. Na ce daga Kano ne, 'yar Hajiya Asabe ce.

Ta saki ihu. "Ah, 'yar Hajiya! Ina mamanki? Fushi take yi da ni? Shekara biyu ina kira, waya a kashe. Ɗaki yana nan, kullum ina sharewa, ba ta aiko mini yarinya ko ɗaya ba. Ba ni ita in yi mata faɗa!"

Ni na rufe layinki, Umma. Mun sa sanarwa a rediyo, gidan ya cika mako guda har ana ajiye motoci a layin baya, na ɗauka duk wanda ya kamata ya ji ya ji. Ban san akwai wata a Abeokuta da ke share miki ɗaki ba.

A nan, a kan bencin tela, na gaya mata. Ta yi salati, sannan ta fashe da kuka, irin kukan da ba a iya katsewa. Ba wanda ya motsa a shagon. Ina jin shesshekar Rukayya a bayan labule. Can Malam Isa ya miƙo hannu na ba shi wayar, ya yi wa Iya Sikira ta'aziyya kamar ita ce 'yar'uwarki ta jini. Da ta ɗan lafa ya tambaye ta su wa ke gidan, akwai masallaci kusa, wa zai tarbi yarinya a tasha. Ta amsa masa ɗaya bayan ɗaya tana jan hanci.

Ya maido mini wayar ya ce, "Matar da ta yi wannan kukan ba za ta wulaƙanta mini 'ya ba. Yaushe motar ke tashi?"

Ni na kai Rukayya tasha. Ta yi kwana goma sha shida ta dawo da hannaye shuɗaye har wuyan hannu, littafinta cike da zane, bakinta kuma cike da gaisuwar Yarabanci da take gwadawa a kan kowa, har Yaya Kabiru bai tsira ba. Aikinta yana tafiya yadda take so. Ta kawo ƙunshi daga Iya Sikira, zane ne da ta rina miki tun kafin ki kwanta rashin lafiya, ta ajiye tana jiran yarinyar da za ta ba ta kawo. Shi na ɗaura yanzu da nake rubutun nan.

Na je gidajen 'yan matan bara na ba da haƙuri. Ɗaya za ta tafi Jos a hutu mai zuwa. Ɗayar ta riga ta gama karatu, damar ta wuce ta, wannan kuma yana wuyana. Na goge abin da na rubuta a kansu. Fom ɗina yana nan don yana da amfaninsa, amma na sayi takalmi mara tsini.

Sauran aikin shi ne littafin. Ina bin sunayen, ina kira ina faɗa musu. Guda ɗaya nake iyawa a rana. Biyu daga ciki sun riga ki tafiya, 'ya'yansu suka ɗauka muka yi wa juna gaisuwa. Sauran duk da tambaya ɗaya suke farawa, ina mamanki. Kowane kira sai in ji kamar ranar kika rasu, kuma ina kewarki fiye da yadda na yi a makon farko.

Gobe Bida ce. Sunan matar Nna Fati. A gefen lambarta kin rubuta, "Tana da hawan jini, a bi ta a hankali." Na san don ɗalibai kika rubuta. Zan bi ta a hankali, Umma.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata miki masauki kamar yadda kika nema wa 'ya'yan mutane. Ya saka wa matan da ke cikin littafin nan da alheri, Ya yafe mini jinkirin da na yi.

'Yarki da ta makara,
Hadiza